Ruwa Biyu na Eustolia

Ranar Talata Inna ta cika, a Torreón,
auduga na tsakar buɗe baki.
Gawa ba ta huce ba yayyena biyu
suka tono tsohon zancensu.

Nicanor ya ce, "Ta ikilisiyar Manzanni ce.
A kogin Nazas muka nutsar da ita
da sunan Yesu, shi kaɗai, ba ƙari.
Shekara talatin tana yafa farin leshi,
ba ta sake durƙusawa kai a buɗe ba."

Eleuterio ya ce, "Ka zo a makare.
A tantin 'yan Fentikos, bayan tashar jirgin ƙasa,
aka kira mata Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki
a cikin kwatarniyar shayar da alfadarai.
Can harshenta ya fara kuɓuce mata."

Ni kuwa ina bakin murhu
ina juya wainar masara don masu zaman makoki,
ina jin su ta jikin bango.
Harshe da haƙori, ɗaki ɗaya suke kwana.

Ba su tambaye ni ba,
ni da na kwana goma sha tara a gefen gadonta.
Na taɓa ce mata, "Inna, a cikin ruwan nan biyu
wanne ya kama?"
Ta ce, "Dukansu da sanyi, Remedios.
Miƙo mini bargo."

Daren ƙarshe ta bar Sifaniyanci gaba ɗaya.
Baƙon harshen nan ya dawo mata,
a hankali, kamar mai tsince wake a faifai.
Na kasa kunne ko zan ji
suna ɗaya take kira ko uku.
Ban gane ba. Ba da ni take ba.

Yanzu kogin ma ya ƙafe,
yara ke ƙwallo inda aka nutsar da ita.
Kwatarniyar an daɗe da sayar wa mai gwangwan.

A bakin kabari Nicanor ya tayar da waƙa
yadda suke yinta a wajensu.
Baiti biyu Eleuterio yana kallon takalminsa.
A na uku sai na ga leɓensa na motsi:
ashe muryar ɗaya ce, wadda take yi mana a bakin wanki,
kalma biyu kawai aka sauya.

Leshin yana aljihuna har yanzu.
Kowannensu ya zaci an binne ta da abin da ya ce.