Filin Bayan Majami'a

Ni ce Tabita mai shara.
Shekara arba'in da biyu tsintsiyata
tana bin daɓen majami'ar nan ta Wusasa,
ginin ƙasa, tubali bisa tubali,
wanda kakana ya cuɗa wa laka da ƙafarsa.

A bayanta akwai fili.
Ba wani abin a-zo-a-gani ba ne:
gyaɗar fasto in damina ta yi kyau,
awakin maƙwabta in ba ta yi ba,
tsamiya ɗaya da guntun ƙarfen jirgi a reshenta,
shi muke bugawa a taru.
Sai kaburbura bakwai a kusurwar yamma.
Na biyar nawa ne. Barnaba.

Bara, bayan sujada, sakatare ya miƙe da takarda.
Ya ce gara ta cinye azara,
soro na yoyo daidai kan bagadi,
kwanon baiko na dawowa da 'yan hamsin-hamsin da suka ji jiki,
'ya'yanmu kuwa suna Abuja, suna Legas, sai Kirsimeti.
Ya ce ɗakunan haya goma sha biyu,
da gidan renon yara a bakin hanya,
kuɗin haya ya riƙa yaɓe mana katanga.

Na ce, "Malam Ishaku, filin Ubangiji za ka rubuta wa lamba a ƙofa?"
Ya ce, "Inna, bai ce mu jira ɗakinsa ya rufta mana a ka ba."
Aka ɗaga hannu.
Nawa na cikin zane.

Masu awo suka zo da turaku da igiya,
igiyar ta ratsa ta kan ƙafafun Barnaba.
Ban yi kuka ba.
Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na zauna kan layin
tun hantsi har inuwa ta juya,
sai da yaron ya cire hula
ya ja igiyarsa baya taku shida.

Tsamiya ce ban iya ceta ba.
Kwana biyu ana saranta.
Har yau in zan dama kunu
nakan tsaya da ludayi a hannu,
in tuna sai na aika kasuwa.

Yanzu kwano na ƙyalli inda kunya take a da.
Ɗaki na uku, ma'aikaciyar jinya a Shika,
tana fita kafin zakara ya gama shawara.
Na bakwai, ɗaliban Kongo biyu da tukunya ɗaya.
Na tara, Balaraba mai keken ɗinki,
tana shimfiɗa darduma fuskar gabas,
ranar Lahadi kuma takan rage rediyo in mun ta da waƙa.
Ban roƙe ta ba.

Gidan renon, ba wanda ya ɗauke ni aiki.
Wucewa nake na ga yarinyar da aka ɗauka
ta ɗaure majanyi kamar mai ɗaure itace.
Na ce, "Kawo nan."
Ɗan wata bakwai, hanci duk majina,
uwarsa na can Sabon Gari tana awon wake.
Ya kama babban yatsana ya ƙi saki.
To, ka ji.
Tun ranar tsintsiyata ke jirana sai azahar.

Ƙarfen jirgin an rataye shi a turken siminti.
Muryarsa ta sauya, ta yi kaifi,
yara na bugunsa da cokali ba lokacin sujada ba,
fasto ya gaji da hanawa.

Da yamma nakan zagaya wurin Barnaba in tsince ciyawa.
Jiya na gaya masa an sa sabuwar azara,
bana ko ɗigo bai sauka kan bagadi ba.
Ban ce sun yi daidai ba.
Ban yafe tsamiyar ba.
Cewa na yi, "Malam, ka yi maƙwabta,
kuma da surutu suke.
Ka yi haƙuri, ƙarfe biyar iyayensu ke zuwa."