Macijiya

A Mértola, bakin kogin Guadiana,
daren biki, hayaƙin gasasshen sadin ya rufe dandali,
tutocin takarda na rawa a kan igiya.

Ni ne yaron Abílio mai sauti,
shekarata ta biyu ke nan ina naɗe masa waya.

Muka sauke lasifika huɗu,
muka ja doguwar nan daga dandamali zuwa tebur,
mita hamsin, baƙa wuluk, kaurin damtsen yaro,
cikinta sirara ashirin da huɗu na kwance,
kowace da lambarta, kowace da rigarta.
A bakin 'yan sana'a sunanta macijiya.

Na buɗe akwati na uku: wayam.
Wayar lasifika, mai kaurin tagulla,
na baro ta a Beja, ƙarƙashin benci, tun jiya.
Maigida ya tafi neman kofi.
Na waiga hagu da dama, na haɗiye kunya.

Na ce a raina, ga layi shida zaune banza,
tagulla ai tagulla ce, duk ɗaya.
Na kamo ƙarfin da ke fita daga amfilifaya
na ɗura shi a layi na ashirin da uku,
na goge hannu a wando kamar na san hanya.

Da fari ta yi biyayya.
Custódio ya ja akodiyan, sauti ya fito,
amma a rame, kamar wanda ya kwana bai ci ba.
Ganga ba ta dukan ƙirji.
Na murɗa, na ƙara murɗawa.
Dona Graciete ta matso makirfo, ta ɗaga murya.

Wata ƙara mai tsini ta tsaga dare.
Tattabarun hasumiyar coci suka watse,
jariri ya tsala ihu, mai gasa kifi ya saki matsefi,
jar fitila ta hau ƙifta mini ido
kamar mai cewa na ga ƙarya.

Abílio bai yi gudu ba.
Ya ajiye kofi, ya kashe wuta, ya durƙusa,
ya dafa ta da bayan hannu
yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.
"Da ɗumi," ya ce. "Telmo, zo ka ji.
Waɗannan sirara don raɗa aka yi su.
Abin da makirfo ke aikowa bai kai kukan sauro ba,
ka kwantar da shi da rurin bijimi a bargo ɗaya.
Rurin ya tsallaka ɗakin maƙwabci,
ya dawo tebur, ya sake fita, yana cizon wutsiyarsa.
Sauran ƙarfin ya zama zafi, ya zube a hanya."

Ban ce uffan ba.
"Ɗauko ta," ya ce, ya nuna amfilifaya.

Kilo talatin. Na rungume ta kamar tunkiya,
na ratsa taro, ana ba ni wuri ana dariya,
na dire ta a gindin lasifika.
Shi kuwa ya roƙo guntuwar waya mai kauri
wajen Leonel mai walda, taku shida kacal,
ya fere bakinta da wuƙar aljihu,
ya ɗaure, ya ja ya ji, ya ce ta yi.
Raɗa ya koma bin doguwa, ruri ya bi gajeriya.

Dona Graciete ta yi waƙa har biyun dare.
Ganga ta dawo tana taɓa haƙarƙari.

Da muka zo naɗewa na shafa ta tun daga kai:
sanyi ƙalau, raɓa ta sauka a kanta.
Abílio ya miƙo mini makullin mota.
"Beja, da asuba. Kuɗin mai daga aljihunka.
Ka duba ƙarƙashin benci, ka gaishe da waya."