Layi na Tara

Uwani ce ta sayi tikitin,
ta ƙi faɗa mini kuɗinsa sai a bakin zaure,
don ta san da na ji tun a gida, da ya zama shinkafa.
Muka bar Tudun Wada bayan la'asar,
na sa hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita.

Layi na tara. Wata mata a gabana
tana ɓare gyaɗa cikin jaka, a hankali,
kamar mai satar amsa.

Tsohon wasa ne, in ji Uwani,
ya girmi kakan kakana, kowa ya san ƙarshensa.
Na ce, to me muka zo gani?
Ta ce, Baba, ai ƙarshen mutum ma kowa ya sani,
amma ana zuwa suna.

Mai tsaron ƙofar birni ya fito,
dogo, yana jan ƙafa ɗaya,
ya rantse gaban jama'a:
in rana ta faɗi ƙofa ta rufu,
wanda ke waje ya zama na waje.
Daga inda nake ina ganin zufar wuyansa.
Ba kamar fim ba.
In ya ja numfashi, iskarmu yake ja.

Ɗansa ya fita yankan ciyawa, ya yi yamma,
mahara na biye da shi.
Mu mun sani. Uban bai sani ba.
Ban taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba:
mutum ɗari uku da magana a baki,
an hana su faɗa.

Sai bugu. Sau uku.

Daidai nan aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari ya ƙi tashi.
Yaron bai fasa ba,
ya ci gaba da bugun ƙyaure cikin duhu,
har wata tsohuwa can baya ta kasa haƙuri:
"Kai, buɗe masa mana, ɗanka ne!"
Aka yi dariya.
Ban da ni.

Shekarar da gari ya kama,
hayaƙi ya rufe gada,
na sa sakata, na jingina turmi da buhun masara,
na ce wa Ladidi ta toshe bakin jaririya da nono.
Aka buga. Sau uku.
Masu adda ba sa bugu haka.
Bugu ne mai ladabi,
na wanda ya saba cin tuwon gidan.
Haka Shekari ke bugu,
maƙwabcin injina a masaƙar Kakuri,
shekara goma sha ɗaya muna raba goro guda.
Ban ce wane ne ba.
Tambaya rabin buɗewa ce.

Wai ya koma ƙauyensu, wajen Zonkwa.
Wai.
Ban taɓa shiga motar da za ta gaya mini ba.

Wuta ta dawo, gari ya waye a dandali.
Uban ya zare sakata, ya ga abin da ya gani.
Bai yi kuka ba.
Ya cire wa yaron takalmi, ya kakkaɓe,
ya ajiye su a jere
kamar mai su zai fito daga masallaci.

Tafi ya cika zaure.
Sai ga mamacin ya miƙe, jan fenti a ƙirjinsa,
ya kama hannun uban,
suka rusuna tare, suna murmushi.
Ashe abin da Uwani ta saya mini ke nan:
inda za ka rufe ƙofa,
wanda ka rufe wa ya tashi ya riƙe hannunka.

A waje ana gasa masara, iskar kogi na kaɗa garwashi.
Ta ce, ya ka ga wasan?
Na ce, yaron ya iya bugu.

Muka yi shiru cikin Keke har Kasuwar Barci.
Sannan na ce, Uwani,
motar Zonkwa fa,
ƙarfe nawa ta farko ke tashi?