Boliviano Ɗaya

A El Alto, inda numfashi ma sai an yi tattali,
nake kasa dankali kala bakwai,
ɗanye da wanda ƙanƙara ta busar.
Nayra na gefena, shekararta biyar,
tana ƙirga mini canji da yatsu masu kaushi.

Banɗakin kasuwa boliviano ɗaya ne,
a haɗa ka da guntun takarda ninki biyu.
Ban taɓa hana ta ba, Allah shaida.
Ita ce dai ta lura da yadda nake jujjuya kuɗi
kafin in sake shi,
sai ta koyi matse cinya,
ta koyi tsalle a wuri guda,
in na tambaya ta ce sanyi ne.
Na yarda, don sanyin gaskiya ne.

Daren Alhamis ta jiƙa bargo,
ita da ta bar wannan tun kafin ta iya ɗaura takalmi.
Na yi mata faɗa.
Wannan faɗan har yau yana tsaye a maƙogwarona.

Sai zazzaɓi, babu tari, babu mura.
Kakarta ta watsa ganyen koka a kan mayafi,
ta ce tsorata ta yi, kurwarta ta tsaya a hanya.
Muka kira sunanta a bakin ƙofa har sau uku.
Ita kuwa tana tsugune bayan ɗaki,
ɗigo biyu, kuka goma.

A asibitin unguwa nas Eulogia ta miƙo ƙaramin kofi.
Na ɓoye shi cikin mayafi kamar kayan sata.
Da na ɗaga kai a kan benci,
sai ga mace ta farko da nata a ƙarƙashin hula,
ta biyu cikin jakar leda,
wani direban bas riƙe da jariri
da nasa kofin a aljihun riga.
Babu mai kallon wani. Kowa na kallon bango.

“Ke ce ta huɗu yau,” in ji Eulogia,
“kuma ko shayi ban sha ba.
Kowane aji na makaranta da wuya a rasa guda,
mata sun fi, amma jarirai maza ma suna ciki,
su da ba su da bakin cewa ga inda ke zafi.
In an bar shi yakan hau sama, ya taɓa ƙoda.
Ba ƙazanta ba ce, uwa. Daina murza hannu.”

Ta ɗaga kofin wajen taga.
Ruwan ya yi duhu kamar sararin da ke shirin ƙanƙara.

Kwana bakwai na magani mai ɗanɗanon ayaba.
Ruwa, ruwa, da ƙarin ruwa.
Shafa daga gaba zuwa baya.

Ranar Lahadi na sami Don Casimiro mai banɗaki.
Ya tura hula baya, ya yi lissafi da leɓe:
dankali shida a mako, manya, ban da masu ido.
Na ce biyar. Ya ce shida. Na ba shi bakwai.

Yanzu Nayra kan wuce shi ba ko sallama,
kai a sama, kitso biyu na lilo,
ta dawo ta tarar na yi kuskuren canji.