Murhu Ɗaya, Ludayi Biyu

Ran da aka biya ni kuɗin rigunan 'yan makaranta
Barmo ya rufe mini keken ɗinki da tsumma,
ya ce, "Tashi, yau bakinka zai yi tafiya,
ba fasfo, ba kuɗin mota."

Yelwa, bayan mai faci,
daf da famfon da ya manta aikinsa.
Ɗaki ɗaya ne, da can shagon cajin waya.
Tebur huɗu. Fanka mai ciwon wuya
tana kallon bango guda tun safe.
A allo an rubuta da Faransanci, an goge, an sake,
alli ya ƙare a tsakiyar farashi.

Garwa na tafasa a waje,
kwalta na riƙe takalmi,
mu kuma mun shigo neman abu mai zafi.

Mai wurin, Baba Sanda, shekara ashirin da biyu
yana wa wani Ba'indiye mai sayar da yadi girki a Duwala.
'Yarsa Dudu ta yi nata a Yawunde,
gidan wasu Amurkawa masu haƙa rijiyoyi.
Suka dawo gida a shekara guda,
kuɗinsu bai kai haya biyu ba.
Murhu ɗaya ke nan, ludayi biyu,
kowa na cewa ɗayan ne ya tare masa wuri.

Na tambayi abin da ke akwai.
Uban ya ce kori. 'Yar ta ce boga.
Suka dubi juna kamar masu rabon gado.
Abin da ya iso gabana sulhu ne:
burodi kewayayye, an tsaga cikinsa,
an kwantar da niƙaƙƙen nama,
cuku ya narke a kai kamar kyandir,
ga wata miya rawaya
da ta ƙi zama inda aka ajiye ta.
A gefe dankali siri-siri,
an barbaɗa masa abin da ba yaji ba
amma ya san hanyar gidan su yaji.

Na nemi cokali. Dudu ta ce, "Hannu biyu."
Har da hagu?
Ni da kakata ta sha buge wa hagu da muciya?
Na ɓoye shi a ƙarƙashin tebur kamar kayan sata,
na kai dama ita kaɗai.
Burodi ya zame,
nama ya yi gabas, albasa ta yi yamma,
miya ta sauka a ƙirjina,
kan farar shaddar da na ɗinka wa kaina don Juma'a.

Barmo ya yi dariya har ya ƙware.

Amma loma ta riga ta shiga.
Da fari shiru, kamar baƙo mai kunya.
Sai citta ta yi sallama, kanumfari na biye,
wani zafi ya zagayo ta ƙeya ya fito ta hanci.
Can ƙasan hayaniyarsu na ji muryar da na sani:
tsamiya.

Na ce, "Baba, ita kuma daga wace ƙasa?"
Ya ce, "Daga bayan masallacinku.
Saniyar Ngaundare, albasar Marwa,
kindirmon da za ka kashe wutar da shi
da hantsi ya iso daga Pitowa.
Abin da muka ɗauko a can
bai fi wanda kai zai riƙe ba."

Dudu ta dire kofin, an dama shi da mangwaro.
Ta ce dabarar ta ubanta ce,
amma ƙanƙarar tata ce.

Jaka biyu da rabi na biya,
ladan wando uku.

Rigar kuwa na wanke ta sau uku, har da lemun tsami.
Gangamau ya ce shi zuwa ya yi, ba wucewa ba.
Daren Alhamis na zauna kan keke,
na bi gefen tabon da zare ruwan goro,
na mai da shi ado.

Bayan salla mutum biyu suka tare ni,
suna tambayar sunan wannan aiki.
Na ce su je Yelwa, bayan mai faci,
su sa farar riga.