Bashin Buhu

Shekara goma sha ɗaya makullin sito na hannuna
a gidan tace dagwalo, bayan garin Kumasi.
Tankoki kan zo da asuba daga Aboabo da Asawase
su juye abin da gari ya ci jiya, ya manta.
Nawa ƙirga ne: buhu ya shiga, buhu ya fita,
in sa hannu, in koma.

Alif na farko da na sani a kan allo yake,
miƙe kamar sanda.
Na biyu a buhu yake zuwa, fari, mai ɗaure harshe.
A zuba shi cikin baƙin ruwa,
dauɗa ta haɗa kai, ta yi nauyi, ta kwanta,
ruwa ya washe kamar idon jariri.
Sai farar ƙasa, sai kulorin mai sa hawaye.
Ni a wurina, nan aka gama.

Sai ga Memuna, 'yar Mumuni mai gyaran fanka,
an turo ta bautar ƙasa, da takalmin roba da ya fi ƙafarta.
"Baba Tahiru, ara mini littafin sito."
Kwana uku tana lissafi a kan bencina,
kokonta na huce, ƙuda na zama.

Ta ce, "Wannan farar ƙasar dutse ce aka gasa
har ya saki iskar da ya haɗiye tun ba a haifi kowa ba.
Alif ɗin nan ya ci wuta a masana'anta,
jirgi ya sha baƙin mai ya kawo shi Tema,
tirela ta yi nishi da shi a hawan Nkawkaw.
Kowane buhu da goyonsa."

Na ce, "'Yata, ban ga hayaƙi ba."
Ta ce, "Ba a nan ya tashi ba. Amma rufin ɗaya ne."
Ta nuna sama.

Na tuna Ofori, mai aikin dare,
da "ƙaro ɗaya, don kada" da yake ce mini.
Na tuna ban taɓa hana shi ba.
Gishiri ne a ganina, gara ya ji da ya gaza.
Ashe ƙasa muke wa wanka,
muna watsa ruwan wankan a sama.

Yanzu kwalabe shida ne jere a taga,
a gwada kaɗan, a jira, a duba, kafin a yanka bakin buhu.
Ofori na gunaguni, yana yi.
Makon jiya buhu huɗu suka kwana.

Huɗu. Ban san me huɗu za su yi
wa daren Maris da ke fito da mu tabarma a ƙofar gida ba.
Amma na rubuta su da jan biro,
a shafin da ba shi da suna tukuna,
na rufe sito, na ja makulli sau biyu,
na tsaya kallon ruwan yana gangarawa rafi,
fes, da bashinsa a sama.