Saƙo Daga Mabera

Ƙarfe uku na dare a Mabera,
an ɗauke wuta, na ja tabarma tsakar gida.
Cajin waya saura goma sha tara,
ga ni shugaban ƙungiyar tseren mota:
direbobi biyu, injiniyoyi shida,
da bashin da ban taɓa ganin irinsa ba ko a mafarki.

Ku da kuka ƙera wasan nan, sannunku da aiki.
Amma ku matso ku ji.

Kun sa ruwan sama, kun sa ƙanƙara,
kun manta da rana.
Ba taku mai kunya ba,
ta Sakkwato nake nufi, ta watan huɗu,
wadda ke sa kwalta ta riƙe wa mutum takalmi.
Ku sako mini ita a zagaye na talatin
in ga motar da za ta ɗaga mata kai.

Makanikanku kuma, aljanu ne?
Daƙiƙa biyu sun gama, ba wanda ya nemi sifana.
Ni Arzika nake so, na bakin tasha,
ya kasa kunne ga inji
ya ce, "Wagga mota ba ta da lahiya,"
tun kwamfuta ba ta farga ba.
Ku bar shi ya yi fushi wani lokaci,
ya ce a dawo jibi.

Fiffiken gaba miliyan uku, wai in danna in biya?
Ko buhun albasa ba a saya haka.
Kun san tayar mota,
ba ku san tayi a kasuwa ba.
Ku bari in taya, a ce albarka,
in juya baya a kira ni.

Sai guda ɗaya, wannan ba raha ba ce.
Akwai direban da na kora kakar bara,
na sa masa suna Labbo.
Daga baya na gane motata ce ba ta gudu.
Yanzu yana wuce ni da rigar wasu,
na duba ko'ina a allon,
babu inda zan danna in ce ya yafe mini.

Saura kashi biyu.
Waya ta yi zafi kamar tandar masa.
Zagayen ƙarshe, muna na uku,
kwana ɗaya ta rage,

allo ya mutu.

Ladan ya gyara murya a masallacin layinmu.
Ban san ko mun ƙarasa ba.